Buhun Uzairu

A kasuwar Gadarif ni mai awo ne.
Riɗi ya zo, in ɗora, in dubi allura, in faɗi adadi,
ba a ja da ni.
Yau da shekara ke naɗe tabarmarta
na zauna in auna abin da na karanta,
sikeli ya ƙi tsayawa.

Bara war haka Barira ta sauko daga babbar mota,
takalmi wari guda, buhun sukari a rungume.
Mun zaci tufafi ne.
Littattafan ubanta ne, goma sha tara.
Shi kuwa wana Uzairu an baro shi a Umdurman,
gindin dalbejiya, bayan ajin da ya koyar.
Matata ta ce, "To, wannan za mu dafa?"
Na tura buhun ƙarƙashin gado.

Ruwa ne ya fara buɗe mini su.
Rufi ya yi yoyo, na baza su a tsakar gida
kamar shanyar kuɓewa,
iska ta tsaya a wani shafi kan kiwon zuma.
Ni da rabona da karatu tun gemuna yana baƙi,
na tsuguna, ina bin Larabcin da yatsa,
har aka yi la'asar babu ni.

Da kaka ban karanta komai ba.
Wanda ya yini da buhuna, barci ne littafinsa.

Sanyi ya kawo mini labarin wani matuƙin jirgin ruwa.
Akuya ta riga ni zuwa ƙarshensa.
Barira ta ce ai ya koma gida, ya tarar da kowa lafiya.
Ta faɗa tana kallon bango.
Na karɓa a haka.

Na lissafin taurari ya fi ƙarfina,
shafi arba'in na ajiye shi, ban ji kunya ba.
Biyu na sayar cikin azumi, ranar da zazzaɓi ya kama autana.
Mai sayen ya naɗe gyaɗa da su.
Na sayi ƙulli guda a hanya,
na karanta rabin jimla, mai ya cinye sauran.

Amma ba marubutan na fi karantawa ba.
Fensirin Uzairu ne, a gefen shafi, siriri kamar sawun tururuwa:
"Ƙarya ne."
"A tambayi likita."
"Sabulu, albasa, kuɗin haya."
Da yana raye ba mu taɓa hira ta wuce gaisuwa da farashin dawa ba.
Bana mun yi musu har tsakar dare,
fitila tana cin kananzir, matata tana tsaki.

A wani mai koren bango, tarihin rijiyoyi,
ya rubuta: "Nafi'u zai so wannan."
Ban so shi ba.
Na sake shi daga farko, sannu a hankali,
ina neman wane Nafi'u ne ya sani
wanda ni ban taɓa haɗuwa da shi ba.
A karo na uku, wajen mai haƙa da ya ɗanɗana ƙasa
ya ce a ƙara kamu biyu,
na rufe, na fita waje, na daɗe.

In an ce nawa, sai in ce goma sha ɗaya, ko sha biyu
in za a lissafa mini wanda akuya ta taya ni.
In an ce nauyi, ban sani ba.
Buhun dai ya yi sauƙi, ni ne na ƙara.

Saura guda ban taɓa ba.
Ƙarami ne, an ɗaure shi da zaren buhu,
na hango fensir a bakin shafukansa.
Barira ta ce, "Baffa, yaushe?"
Na ce sai ruwa ya ɗauke.
Ta san ruwa ba shi da laifi.
Muddin yana ɗaure,
wana bai gama magana ba.